Tabarmar Baƙi da Rumbun Gida



Duk wanda ya tashi a gidan mutunci ya san darajar baƙo. Akan miƙa masa ruwa tun bai faɗi abin da ya kawo shi ba, a shimfiɗa masa tabarma mafi kyau, a kama zakaran da ake kiwo don Salla a yanka masa. Amma a gidan nan da aka koya mana haka, an kuma koya mana cewa magidancin da ya sayar da hatsin iri don ya yi wa baƙi shagali ya cuci iyalinsa, domin baƙo raɓa ne, hantsi na ɗagawa zai wuce, yaran gida kuwa suna nan har damina ta zagayo. Da wannan ma'auni nake so mu auna ƙasarmu Nijar, da yadda shugabanninta suka sha fifita manyan tarukan duniya, na gida da na waje, a kan cikin talaka da halin ƴaƴanta da ke kan hanyoyin bida.

Na daɗe ina riƙe da alƙalamin wani dattijo wanda mutanen yankinmu na Damagaram mazauna Yamai suka ɗauka uba. Ni ke rubuta masa wasiƙa, ta boko ko ta ajami, ni ke kuma riƙe da littafin gudummawa. Duk wanda ya zo neman taimako sai na rubuta sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi da abin da aka ba shi. Littattafan sun taru a akwati, kuma duk wanda ya buɗe su zai ga dalilai uku ne ke ta maimaita kansu: rumbu ya ƙare, mara lafiya yana kwance da takardar magani a hannu, ko matafiyi da aka koro daga wata ƙasa ba shi da kuɗin motar gida. Sunan wani babban taro bai taɓa shiga littafin nan a matsayin abin da ya rage mini layi ko ɗaya ba.

A zauren karatu malamanmu sun sanar da mu cewa maslahar jama'a hawa uku ce, kamar yadda Imamu Shaɗibi da waɗanda suka gabace shi suka tsara. Akwai larura, wadda in babu ita rai ko hankali ko zuriya za su salwanta. Akwai buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci. Akwai kuma ƙawa, wadda ke ƙara wa rayuwa kyau. Idan suka yi karo, na ƙasa ne ke ba na sama hanya. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, zakka a garin da aka fitar da ita ake raba ta, ba a kai ta nesa sai in na can sun fi tsananin buƙata. Tarihi kuma ya adana cewa a shekarar fari da ake kira Shekarar Toka, ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya haramta wa bakinsa man shanu da nama har sai jama'a sun samu, ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci Madina. Abinci da magani da tsaron rai larura ne. Zauren taro mai fitilu da otal mai benaye ƙawa ne. Babu mai cewa ƙawa haramun ce, maganarmu a kan wanda ya kamata ya riga wani ne.

Waɗanda suka manyanta ba su manta da 2005 ba. Daminar 2004 ta tsaya da wuri, fara ta bi abin da ya saura, kafin bazara tiyar hatsi ta gagari talaka. A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram da Tawa mata sun koma ga anza da jiga da tafasa. A farkon shekarar nan ne aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari, har ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka rufe kasuwannin birane a watan Maris. Likitocin agaji a Maraɗi sun karɓi dubun-dubatar yara masu tamowa. Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan ya zo Damagaram da ƙafarsa a watan Agusta ya gani. A cikin watan nan marigayi Shugaba Tandja ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a ƙasar. Da Disamba ta kama, daga ranar 7 zuwa 17, Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci karo na biyar, an gina wa baƙi unguwa sukutum, an yi kokawa da kaɗe-kaɗe. Allah Ya jiƙan Tandja, ya gina azuzuwa da ɗakunan shan magani a karkara, kuma a zamaninsa aka fara duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Sai dai a waccan shekara kunyar idon duniya ta rinjayi kukan gida. Da fari ya dawo a 2010, gwamnatin Salou Djibo ta fito fili ta ce akwai yunwa, agaji ya zo da wuri, kuma babu wanda ya raina Nijar don ta faɗi gaskiya.

Yunwar da aka ƙi ambata ita ce ke fitar da mutane kan hanya. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada, kusa da iyakar Aljeriya. Sun taso daga Arlit za su Tamanrasat, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Yara 52 ne a cikinsu, mata 33, kuma mafi yawansu mutanen ƙasar Kance ne. An yi zaman makoki na kwana uku a faɗin ƙasa. Muka zaci daga nan za a juya a dubi Kance da Matamaye da Magarya, inda jama'a ta yi yawa, gonaki suka tsuke saboda rabon gado, har magidanci ya noma abin da ba zai kai shi wata huɗu ba.

Abin da ya biyo baya dabam ne. A watan Mayu na 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 a kan safarar baƙin haure. A watan Nuwamba na shekarar shugabannin Turai da na Afirka suka haɗu a Baleta ta tsibirin Malta, Turai ta buɗe asusu na euro miliyan dubu ɗaya da ɗari takwas, Nijar ta zama abar yabo a kowane zauren taro. Daga 2016 aka shiga kama direbobi da ƙwace motoci a Agadas. Kafin nan ayarin Litinin yakan tashi zuwa Dirku a bainar jama'a, da rakiyar soja, garin kuma yana ci daga gare shi, tun daga mai sayar da jarka har mai gidan saukar baƙi. Aka yi wa masu wannan sana'a alkawarin jarin canza aiki, kaɗan ne suka gani a hannu. Tafiya ba ta tsaya ba, ta dai kauce wa rijiyoyin da aka sani ta bi ta inda babu mai ceto. Damuwar da dokar ta magance ta Turai ce, wato kada baƙin fata su isa gaɓar Italiya. Damuwarmu, wato abin da ke sa uwa ta goya jariri ta nufi Sahara, tana nan inda take. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023, mutanen Agadas suka yi murna, amma rumbun Kance bai ji labari ba.

Sai kuma taron Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019. Tun shekaru kafinsa Yamai ta shiga gyara. Kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani, ya gina otal ɗin Radisson Blu. Wasu otal-otal suka tashi, aka shimfiɗa sabuwar hanya daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari. Indiya ta ɗauki nauyin zauren taro mai sunan Mahatma Gandhi, wanda ba a yi bikin buɗe shi ba sai a Janairun 2020, bayan baƙi sun daɗe da komawa. An ambaci sefa miliyan dubu 450 a matsayin jimillar abin da aka zuba, aka kuma ce mafi yawa kuɗin ƴan kasuwa ne. Tun 2016 aka rushe rumfuna da shagunan bakin titi don gari ya yi kyan gani. Shafukan littafina na wancan lokaci cike suke da masu shayi da teloli da masu gyaran waya, waɗanda jarinsu ya bi ƙura cikin safiya guda. Wasunsu sun koma ƙauye, wasu kuwa labarinsu na gaba da na ji daga Libiya ya fito. A shekarar da aka yi taron, rahoton ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa Nijar ta 189 cikin ƙasashe 189.

Babban abin da aka taru a kai shi ne buɗe kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, wadda Shugaba Mahamadou Issoufou ya jagoranci fafutukarta. Ranar 7 ga Yuli Najeriya da Benin suka sa hannu a nan Yamai, aka tafa. Watan Agusta bai ƙare ba Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba ta sake buɗewa ba sai Disamban 2020. Ku tambayi ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni da Magarya, da masu kai wake da dabbobi Jibiya da Illela da Maigatari, yadda suka ga waɗannan watanni goma sha shida. Takardar da aka sa wa hannu a gaban kyamara ba ta tsallakar da buhun wake ko ɗaya ba. Da rabin ƙoƙarin da aka yi wajen tarbar shugabanni an yi shi wajen zama da maƙwabcin da muke cin kasuwa ɗaya da shi, muke auratayya, muke sayen wutar lantarki a hannunsa, da talaka ya fi ganin amfani.

Korar mutanenmu kuwa ba ta tsagaita ba. Aljeriya takan zubar da baƙi a wani wuri cikin rairayi mai nisan kilomita 15 daga Asamaka, su ƙarasa da ƙafa. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum dubu 30 da aka koro ta nan a 2024 kaɗai. A watan Maris na 2022, bayan wani gidan talabijin na Senegal ya nuna matanmu da yaransu suna bara a titunan Dakar, gwamnati ta tura jirage aka kwaso fiye da mutum dubu. A watan Mayu na 2025 jami'an shige da fice na Ghana sun kama mabarata sama da dubu biyu a Akra, mafi yawansu ƴan Nijar. Na lura da abu guda a duk wannan: jirgi ba ya tashi sai hoton ya fita duniya. Abin da ke motsa mu kunyar baƙi ce, alhali waɗannan mata sun shekara da shekaru suna wucewa ta tashoshinmu kowa yana kallo.

Wata rana aka kawo mana ɗaya daga cikin irinsu, an maido ta daga wata ƙasar gaɓar teku da yara uku. Dattijo ya sa aka ba su fura, sannan ya ce, "Ɗiyata, me ya raba ki da ɗakinki?" Ta ce, "Baba, hatsinmu ya ƙare tun sanyi bai fita ba. Mai gidan ya tafi cin rani, wata biyar ba aike. In na zauna me zan dafa?" Ya tambaye ta ko wannan ce tafiyarta ta fari, ta ce ta uku. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, rubuta mata kuɗin mota har gida, ka ƙara jika biyar." Da ta karɓa ta yi godiya, sai ta ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. In kaka ba ta yi kyau ba, zan sake fita." Babu wanda ya iya ce mata uffan. Na rubuta sunanta, na bar fili a ƙarƙashinsa.

Na san akwai masu cewa ƙasa ba ta zama ita kaɗai, kuma wanda ba ya zauren shawara da shi ake shawara. Gaskiya ne. Filin jirgin nan ƴan Nijar ne ke tashi a cikinsa, har da alhazanmu. Otal-otal sun ɗauki matasa aiki. Yamai ta sake karɓar ministocin ƙasashen Musulmi a 2020, da taron masana'antu na Afirka a 2022, da taron shugabannin ƙawancen Sahel a Yulin 2024. Ba na jayayya da ko ɗaya daga cikin wannan. Tambayata ita ce, me ya sa idan an sa ranar zuwan baƙi aiki ke ƙarewa a kan lokaci, ana kwana ana yini a kansa, idan kuwa na talaka ne sai ya shekara goma yana jan ƙafa? An aza tubalin madatsar ruwa ta Kandaji a 2008, har yau ba ta ba mu wuta ba. Da Najeriya ta yanke mana lantarki a Agustan 2023, kowa ya ga inda tsiraicinmu yake, domin kayan aro ba ya rufe katara. Birnin Damagaram kuwa, tun muna yara ake bin ƴan garuwa da bazara, ga mu da furfura ana bin su. Ashe iyawa akwai ta, abin da aka fi jin kunyarsa ne ya bambanta.

Tarihin maƙwabta ma ya isa wa'azi. Nkrumah ya gina ƙasaitaccen zaure don taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na 1965 a lokacin da farashin koko ya faɗi, kayan masarufi suka yi wuya a Ghana, kuma a Fabrairun 1966 soja suka kifar da shi. A Laberiya, an yi tarzomar shinkafa a Afrilun 1979, aka karɓi taron ƙungiyar a Yuli, shekara na zagayowa aka kashe Shugaba Tolbert. Shugabannin da suka ci tuwon taron babu wanda ya iya tsare masu masaukinsa daga fushin gida.

Kada wani ya fahimci cewa fifita ɗan ƙasa yana nufin tsanar baƙo. Mu ne ya fi kamata mu guji wannan, domin kakanninmu da iyayenmu sun ɗanɗani korar Ghana ta 1969 da ta Najeriya ta 1983, sun dawo da ƙullin kaya a ka. Nijar ma masaukin masu gudu ce: ƴan Mali a Tillaberi da Tawa tun 2012, mutanen Barno a Diffa, da dubban da suka tsero wa ƴan bindiga daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo ƙasar Gidan Runji a 2019. Kafin motocin agaji su iso, talakawan ƙauyukan nan ne suka buɗe musu zaure suka raba ɗan hatsinsu da su. Ga baƙon da ya cancanci tabarma. Gwamnatin da ta damu da shige da fice da gaske, mai masaukin nan za ta fara tallafawa, ta ƙara masa rijiya da aji da magani, don kada alherinsa ya zame masa nadama har ya fara kallon ɗan'uwansa a matsayin kishiya.

Mu ma talakawa da namu kason. Akwai masu karɓar ƴaƴan maƙwabta su tafi da su bara bisa yarjejeniyar kuɗi, akwai mazajen da suka miƙe ƙafa suna jiran abin da mace za ta aiko daga Aljeriya, akwai kuma garuruwan da wadda ta dawo da katifa da kwanuka ta zama abar koyi. Wannan aikin malamai da sarakuna da iyaye ne, kuma dattijon da nake yi wa aiki bai taɓa rufe baki a kansa ba. Sai dai wa'azi ba ya zama a cikin da babu komai. Ƙasar Korama tana da ruwa kusa, raken Matamaye shaida ne. Injin ban ruwa da iri da taki da hanyar kai kaya kasuwa, da hatsi mai rahusa da zai iso tun kafin bazara ta yi tsanani, su ne za su riƙe mace a ɗakinta fiye da kowane shingen jandarma.

Saboda haka ga abin da nake roƙon duk mai riƙe da ragamar ƙasar nan, na yau da na gobe, mai kaki ko mai babbar riga. Kafin a karɓi baƙuncin wani taro, a faɗa wa jama'a nawa zai ci da inda kuɗin za su fito. Kafin a sa hannu a wata yarjejeniyar shige da fice, a je Agadas da Asamaka da Kance a saurari waɗanda za ta faɗa a kansu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ofisoshin jakadancinmu su san adadin mutanenmu da ke tsare a ƙasashen da suke, su ziyarce su tun ƴan jarida ba su riga su ba. Aikin ruwa da na wuta da na rumbun tsimi kuma a sa musu rana kamar yadda ake sa wa taro rana, a kuma ji kunyar saɓa ta.

Ƙasar da ƴaƴanta suka ƙoshi ba ta buƙatar roƙon a zo mata taro, masu zuwa za su zo da kansu, kuma in wakilinta ya miƙe a zauren duniya za a saurare shi, domin ba a ga matan garinsu a bakin titi da ƙoƙo ba. Allah Ya jiƙan waɗanda hamada ta binne, Ya maido da na nesa gida lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba shugabanninmu ikon fara duba rumbu kafin su shimfiɗa tabarma. Amin.